Ƙugiya

Sana'ata rubutun allo, fenti da buroshi,
shekara talatin a bakin Ƙofar Ƙaura.
Rabin shagunan layin nan, hannuna ne a goshinsu:
mai faci, mai walda, mai wankin hula,
har da mai maganin basir da bai cika mini kuɗina ba.

Hedimasta Sada ya tare ni bayan La'asar,
ya ce, Iro, muna neman hannu ranar Asabar,
ba albashi, ba na mota, sai alli da godiya.
Na ce ni ban yi kwalejin malamai ba.
Ya ce, ka san baƙi, baƙi ya san ka, taho kawai.

Aji mai taga uku, ɗaya ba ƙyaure.
Yara goma sha ɗaya aka ware mini,
waɗanda motar karatu ta tashi ta bari a tasha.
Cikinsu akwai Mannir, ɗan aji biyar,
dogo, da tabo a gwiwa, da wayon zomo.
Kunnensa ke yi masa karatu.
Na kusa da shi ya faɗa, ya cafke ya maimaita,
yatsansa na bin layin da ba shi ake kai ba.
Shekara biyar yana haka, ba wanda ya lura.

Ranar da na kama shi ban ji daɗi ba.
Na miƙa masa kwali, kalma ɗaya tak.
Ya leƙa ta kamar mai leƙen rijiya da dare,
leɓe na rawa, gumi a karan hanci,
can ya ce, Malam, na kasa.

Na ɗauki alli na rubuta abin da ya faɗa:
kasa.
Na ce, ka gan ta? Baƙi huɗu ce,
ba ta kai tsawon ɗan yatsanka ba.
Sannan na lanƙwasa kan na farkon,
'yar ƙugiya irin ta mahauta,
na ce, yanzu ta zama ƙasa,
wadda kake tsaye a kanta. Taka ta.
Ya taka.
'Yan aji suka fashe da dariya, shi bai yi ba.

Kada in yi ƙarya, ba a ranar ya iya ba.
Damina ta cinye mana Asabar uku, rufi na yoyo.
Ya ɓace wata guda, yana tura baro a 'Yar Kutungu.
Ni ma na yi fashi, aikin wani ɗan takara ya ja ni,
na dawo ina sunkuyar da kai.
B da d suka dinga yi masa musayar riga
kamar tagwaye masu tsokana.
Muka gina su da laka, muka murɗa su da igiya,
muka zana su da yatsa a gilashin motar hedimasta
har ya fito yana faɗa.

Jiya da hantsi ina kan tsani
gaban teburin Mati mai shayi, ina ƙarasa allonsa,
jan fenti a kan fari: A SHA A KARA.
Sai na ji an ja ƙafar wandona.
Mannir ne, da bokitin niƙa a ka,
ya ɗaga ido, bakinsa na tafiya a hankali,
baƙi bayan baƙi, kamar mai tsallake kwata.
Ya ce, Malam, shayin nan a kara ake shan shi?
Ka mance ƙugiya.

Mati ya yi dariya har madara ta zube.

Shekara talatin, ba wanda ya taɓa gyara mini allo.
Na sauko, na tsoma buroshi, na miƙa masa,
na sauke masa bokitin,
na riƙe tsanin da hannu biyu.
Ƙugiyar ta karkace, ta yi ƙiba,
fenti ya gangaro kamar haɓo.
Mati ya ce in goge in sake.
Na ce a'a, bar ta haka,
na rage maka ɗari biyu.